Ku Dawo Bayan Hutu

Daren Laraba, Dogo Nini

Yau ma na kai 'yata Hauwa makarantar nan mai ajin kurame. Hedimasta ko kallonta bai yi ba, wai babu gurbi, mu dawo bayan hutu. Kullum maganar ke nan. Ta leƙa taga, ta ga yara suna hira da hannu, ta ƙi tafiya. Tana kuka na saɓo ta.

Da yamma matar marigayi yayana ta aiko, masu neman auren 'yarta za su zo Juma'a, ni ne waliyyi. Ashe yaron ɗan hedimasta ne!

Allah ya yafe mini, amma zan shimfiɗa musu tabarma, in saurare shi tsaf, sannan in ce, "Malam, ku dawo bayan hutu."