Tatta Ya Ƙi Sauka Daga Philomena

Trincomalee, watan Yuli.

Zuwa ga yayata, Akka Shiromi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Cyril da yara, ya kuma sauƙaƙa miki aikin jinyar da kike yi a Milan. Matata Nilu da yaranmu suna gida Negombo lafiya lau, ko da yake muryarsu kawai nake ji ta waya. Rubutu na zaɓa domin duk lokacin da kika kira, babanmu Tatta yana zaune kusa da ni, jirgin ruwan nan da muke ciki kuwa ba shi da lungun da mutum zai ɓuya ya yi magana.

Kin san tun rasuwar mahaifiyarmu Amma, mahaifinmu ba shi da zance sai na jirgin ruwan nan mai tafiya da iska da ya saya bayan ya bar aikin shigo da manyan jirage tashar Colombo, wanda ya sa wa sunanta, Philomena. A watan Afrilu ya matsa mini lamba in raka shi mu zagaya ta kudu mu zo nan, mu koma kafin iskar damina ta tashi. Na bar wa Nilu kantin magani, na ce mata ba zan daɗe ba. Da muka iso, famfon injin ya lalace, muka zauna jiran sabo daga Colombo, kafin ya zo iska ta riga mu. Yanzu tana busowa ne daidai daga inda gida yake, masunta kuma sun ce ba za ta lafa ba sai wajen Oktoba.

Ba zan zagi jirgin ba. Nauyin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya sa ko raƙuman ruwa sun doke shi, karkata kawai yake yi a hankali ya dawo daidai. Tatta yakan ajiye kofin shayinsa a kan tebur ya dube ni, yana jira in lura bai zube ba. Idan iska tana bayansa, tafiya yake yi mai daɗi har mutum ya yi gyangyaɗi. Amma kada ki ce ya fuskanci iska, nan ne nauyin yake zame masa kaya. Ciki kuwa ba laifi ga mai kwana biyu ko uku. Wanda ya yi watanni ya san gadon bai kai tsawona ba, da rana ɗakin kamar tanda, kuma komai warin gishiri da man inji yake yi, har shinkafar da nake dafa mana.

Abin da ban faɗa miki a waya ba, Akka, shi ne mantuwar Tatta ta wuce yadda kika bar ta. Na ce masa mu bar jirgin wurin Selvam, mai gadin tashar jiragen ruwa, mu hau bas mu tafi gida, idan iska ta sauya mu dawo. Ya yarda, har ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Da muka isa tashar mota, hayaniya ta yi masa yawa. Ya fizge hannunsa, ya tambaye ni ko ni wane ne da zan ja shi, ya zauna a ƙasa kusa da mai sayar da ayaba ya fashe da kuka. Mutane suka taru, wani ɗan sanda ya nemi in nuna shaidar cewa ɗansa ne ni. Da ƙyar na dawo da shi bakin ruwa. Yana taka jirgin ya miƙe tsaf, ya duba igiyar anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgin a ruwa, ya yi mini faɗa wai na ɗaure ta kamar mai ɗaure akuya.

Tun daga ranar ko sauka ba ya yi. A cikin jirgi ya san inda kowane abu yake, yana cin abinci, yana wanka da kansa, yana duban gajimare ya faɗi abin da yamma za ta kawo, kuma haka ake yi. Ni kuma ba na iya barinsa fiye da zuwa kasuwa in dawo. Ranar da ɗiyarmu Sanduni ta karɓi Jibin Ubangiji karo na farko a coci, a waya na ga hotonta. Nilu ba ta yi faɗa ba, ta dai ce yarinyar ta yi ta waiwaye tana duban ƙofa. Da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Makon jiya haƙurina ya ƙare, na ce mu gwada komawa ta ruwa. Muka rage ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi, muka fita da safe. Muna barin inuwar tudu iska ta kwantar da mu gefe guda, tukwane suka zube a ciki, ruwa yana wanke mu. Tatta ya karɓi sitiyari, ya kafa ƙafafunsa, yana dariya irin wadda ban ji ba tun Amma na da rai. Jirgin bai ba mu tsoro ba ko kaɗan, sai dai mun wuni muna kai da kawo, da la'asar kuma na duba na ga dutsen da muka wuce da hantsi yana nan kusa da mu. Na ce mu juya, bai musa ba.

Da muka jefa anka ina naɗe igiya, ya tsaya yana kallon hannuna. Sai ya ce, "Kai saurayi, ka iya aiki. Ɗan wane ne kai?" Na ce masa ubana matuƙi ne a tashar Colombo. Ya gyaɗa kai ya ce, "To idan ka koma ka gaya masa ya yi tarbiyya." Na ce zan gaya masa, na sauka ciki na ɗora ruwan shayi.

Na san kin samo masa gidan kula da tsofaffi na masu zuhudu a Ja-Ela, na kuma san da zuciya ɗaya kika yi. Ina roƙonki a dakata. Ban san ta yadda zan kai shi can ba, ban kuma san wane mutum zai rage idan na raba shi da jirgin nan ba. Abin da nake nema shi ne ki nemi hutu ki zo, ko na mako biyu ne, ki zauna da shi in je in ga iyalina. Kullum yana tambayar yaushe Shiromi za ta taso daga makaranta. Ki zo tun sunanki yana bakinsa.

Ki gaida Cyril, da Roshan da ƙaramar Imasha. Ki gaida Anti Bernadette idan kun haɗu ranar Lahadi, amma kada ki ba ta labarin tashar mota. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Lalith