Kaskon Turare a Ɗakin Gwajin 'Yata

Zuwa ga Mai Girma Daraktan cibiyar binciken da 'yata Asma'u take aiki.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gajiya, yaya iyali? Ni ce mahaifiyarta, tsohuwar malamar firamare, yanzu mai haɗa turaren wuta a Kinkinau. Da murna na zo, amma akwai ƙorafi a bayanta.

Murnar tukuna. Tun da Asma'u ta fara dafa ƙarfen nikel da farar wuta a wata rufaffiyar tukunya, nake yi mata tsiya. Farar wutar da muka sani ta maganin ƙaiƙayi, ita ce abin digiri? Garin da ke fitowa baƙi ne wuluk kamar kwalli, sai ta shafa shi a siririyar ragar ƙarfe, ta ce wai shi zai riƙe lantarki. Ranar Juma'ar da ta wuce ta kawo mini abin gida, bai fi murfin kwalba ba, sunansa wai sufakafasita. Ta jona shi a wuta, kafin in gama ɗaura ɗankwali ya cika, ya kuma juya wata 'yar fanka a tafin hannuna. Wallahi guɗa na rangaɗa, har maƙwabciyata ta leƙo tana tambayar wa ya haihu. Na gode muku da kuka ba ta wuri da kayan aiki, Allah ya saka.

To, ga ƙorafin.

Na ɗaya, aikin nan yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, fankar da ke zuƙe ta zuwa waje kuwa ta mutu tun kafin azumi. Yarinyar nan tana dawowa ido jawur, kai na sara, ga tari. Kuma juna biyu gare ta, jikana na fari.

Na biyu, da ma'aikatan ofisoshin kusa suka koka da wari, sai aka aiko masinja da kasko da garwashi da turaren wuta, wai a riƙa turara ɗakin gwajin. Haba, ranka ya daɗe! Ɗakin amarya ne? Na san niyyar kirki ce, haka muke yi a gidajenmu in baƙi za su zo. Amma sana'ata ce, na san iyakarta: turare rufe wari yake yi, ba ya korar guba. Asma'u ta ce warin nan shi ke gaya musu su fita da sauri, ga kuma ruwan wanke garin da ke kama wuta nan take, an ajiye masa garwashi a gefe. Turaren ma ta ɗebo mini na duba, ba mai kyau suka sayo muku ba.

Roƙona, a fitar da kaskon nan, a gyara fankar, a kuma duba lafiyar duk masu shiga ɗakin. Ni da mijinta mun hana ta komawa sai an yi. Ta yi kuka, ta ce yanzu fa aikin ya fara kyau, ni ma na taya ta. Kullum da safe sai ta goge farar rigarta ta aiki, ta rataye a bakin ƙofa, tana jiran ku.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa a zamaninka abin nan ya haska gidajen Kaduna.

Wassalam, tare da girmamawa,
Maman Asma'u, Kinkinau.