Rasuwar Sarkin Magina Salmanu Sada a Rijiyar Karare

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Maginan Rijiya ta Batsari da Safana tana sanar da jama'a rasuwar shugabanta, Sarkin Magina Malam Salmanu Sada Wagini, wanda ya faɗa sabuwar rijiyar Karare ranar Talata da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun kafin a ba mu mulkin kai marigayi yake fasa dutse yana fito da ruwa, kuma da wuya a sami rugar Fulani ko ƙauyen manoma a ƙasar nan da ba su sha daga aikin hannunsa ba. Shi ya riƙe mana al'adar nan: idan aka tayar da nakiya a ƙasan rijiya, babba ne ke fara sauka ya duba hayaƙi, ba yaro ba. Kullum yakan ce shi ya riga ya ci tuwonsa.

Wajibi ne mu faɗi yadda abin ya faru. Wilin ƙarfen da igiyar sauka ke bi ta kansa ya tsage. Ɗan kwangila, mai sabuwar mota, ya ga kai shi walda Katsina ɓata lokaci ne, ya sa aka cike tsagar da gam mai haɗi biyu da ake kira ifoksi, aka shafe da fenti. Ya ce gam ɗin ya fi ƙarfe ƙarfi. Muka gwada shi irin gwajinmu na gado, muka rataya buhunan gero suka wuni, bai motsa ba.

Mu ba masana ba ne, mai yiwuwa akwai abin da ya shige mana duhu. Amma mun tsinci ɓaraguzan wilin da hannunmu. Gam ɗin yana jure nauyin da ya zo a hankali. Bugun nakiya kuwa, da ya biyo ta dutse farat ɗaya, ya matse shi ya farfasa cikinsa kamar kwalba, fenti ya rufa masa asiri. Sai Sarkin Magina ya kama igiya zai sauka, wilin ya tarwatse.

Ɗan kwangilar bai zo jana'iza ba. Ya aiko da goro, da tambayar ranar da za a koma aiki.

Muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa Maijidda, da 'ya'yansa Mani da Safiyatu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba su haƙurin jure wannan rashi.

Ga amsarmu ga ɗan kwangila: akwai sauran wili masu irin wannan fenti a rijiyoyin Wagini da Safana. Gobe bayan addu'ar uku za mu kwance su, mu kankare fentin a gaban jama'a. Mutanen Karare su gafarce mu, mun san nisan rafi. Babu maginin da zai sake kama igiya sai mun ga ƙarfe da idonmu.

Haliru Daudu Karare
Sakataren Ƙungiya
Batsari, Maris 1977