Kujera Ɗaya Ta Rage

Daren Laraba, Wurno

Na kwanta na tashi, na kasa zama wuri ɗaya.

Yau na cire kujerun motar duka, na bar tawa kaɗai. Sani mai walda ya zo gida ya kafa ƙarafan kariya daga ciki, don in ta kihe kada ruhin saman motar ya danne ni. Turbon da ke ƙara wa injin ƙarhi ma ya daina yoyon mai. Da na taka totur sai da kajin gidan sunka watse. Tun rani nike jiran wanga sauti, ga ranar tseren motocin da za ni shiga ta matso.

Muna cikin haka Inna ta hito da mayafinta, za ta Magarya duba ƙanwarta. Ta leƙa inda ta saba zama, sai ƙarhe tsirara.

"Bello, mi ya cinye motar?"

Na ce nauyi nike ragewa.

"To waɗanga ƙarafan hwa?"

Na gaya mata gaskiya. Ta daɗe tana shafa su, sannan ta ce, "Ashe kai ma ka san tana iya kihewa."

Ina kallo ta hau mashin ɗin maƙwabci ta tahi.

Na wuni ina jiran faɗa. Da la'asar ta dawo, ko kallona ba ta yi ba, ta wuce wurin Sani shina tattara kaya. Ta ce, "Ɗana, ka ƙara ƙarhe guda ta gehen da Bello shike zama."

Wallahi da faɗan ta yi mani, da ya hi sauƙi.