Cinyar Ragon Yoila

Asabar, 24 ga Mayu, 2025

Tun muna aji huɗu na sakandare Yoila yake yi mini haka. Shi aka ba kyautar Latin, alhali ni na koya masa rabin abin da ya sani. Yau ma ya taso daga unguwarsu Wulari, nan Maiduguri, ya sake.

A majalisarmu ta gindin dalbejiya Habib mai shagon taya ya tambaya me ya sa ake ce wa na gwamnati minista, a ce wa fasto ma minista. Na ce kalmar Latin ce, ma'anarta bara, mai hidima. Mai yi wa ƙasa hidima, mai yi wa coci, har mai jinyar mara lafiya, duk ita ce a Turanci. Na ce daga manus ta fito, wato hannu, don da hannu ake hidima.

Yoila ya ce, "A'a, Magista. Daga minus ne, ƙarami. Bara shi ne ƙarami a gida."

Magista, wato magister, malami a Latin, sunana ne na makaranta. A gaban mutane.

Habib ya duba waya, ya ce Baba Yoila ya ci. Aka yi dariya. Mutanen da ko sunan Latin ba su taɓa ji ba sai yau.

Litinin, 26 ga Mayu

Da ambaliyar bara ba ta cinye ƙamusuna ba, da na buɗe musu shafin. Waya ba malama ba ce.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ban fita ba. An ce ya zo, ya tambaye ni, ya zauna har la'asar. Ya zauna mana.

Na koyar da harshen nan har ranar da aka cire shi daga jarrabawa, aka mayar da ni mai lura da ɗakin kwanan ɗalibai. Ban yi kuka ba a lokacin. Ba zan ba da kai yanzu ba.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. An yanka rago. Matata Sauda ta ware cinya kamar kullum, ta ce, "Malam, wa zai kai Wulari?" Na ce bana babu Wulari.

Ta tsaya da wuƙa a hannu. Ta ce tun kafin a haifi 'yarmu Rahmat cinyar nan take zuwa gidan Yoila, shi kuma duk Kirsimeti sai ya aiko da zakara da ransa don in yanka da kaina. Ko shekarun da ake tsoron fita ba a fasa ba. Na ce na ji, ragona ne.

Asabar, 7 ga Yuni

Ta ƙi rabar da ita. Ta soya ta daban, ta zuba a roba mai murfi, ta ajiye a inda zan riƙa gani.

Talata, 10 ga Yuni

Bai aiko barka da Sallah ba. To, ashe shi ma ya iya fushi.

Da rana na tsinci kaina ina jera magister da minister a takarda. Babba, ƙarami. Sun yi kama da juna ƙwarai. Wannan ba hujja ba ce.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na ɗauki robar da kaina, na hau keke napep zuwa gidan Yoila. Ba biko na je ba. Nama ne zai lalace.

Ɗansa Manasse ya buɗe mini. Ya ce, "Baba, ba ka ji ba? Jajibirin Sallah ya faɗi a banɗaki. Mun yi ta sa ran ganin ɗan aikenka mu sanar da kai."

Yoila yana kwance a falo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya gane ni. Na yi masa gaisuwar Barebari, na ce, "Wushe, Yoila, ga cinyarka ta makara." Ya kalli robar, ya kalle ni. Na zauna na ba shi ruwa a cokali, don Manasse bai iya ba, zubarwa yake.

Na ce masa, "To, minus ɗin naka, ba mu gama ba." Leɓensa ya motsa. Babu abin da ya fito.

Gobe zan koma. Wani sai ya riƙe cokalin.

Likita ya ce da wuya maganar ta dawo. A duk Maiduguri babu sauran wanda zai ce mini na yi kuskure a Latin.