Balderdash ɗin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki?

Jikin Baba dai sai addu'a. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bakinsa ya rufe ruf. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, tabarau a karan hanci, sai ido. Likita ya ce mu riƙa tsokano abin da ya saba faɗa, ko harshen zai saki.

To me ya saba faɗa in ba "balderdash" ba? Ka tuna a maɗaba'a ya kwaso ta, lokacin da yake gyaran rubutun mutane da jan biro. Ya ce ma'anarta shirme. Wai Turawan da haka suke kiran abin shan da aka gauraya ba kan gado, kamar madara cikin giya. Masu ita sun yar, shi ya tsinta. Mama har gobe "baldadas" take cewa.

Don haka mun koma gidan maƙaryata. Na ce masa an ba ni shugabancin asibiti. Mama ta ce ta sayi jirgin sama. Ko gezau! Ƙaryarmu ba gishiri, Yaya. Kai ne gwani, kullum sai ka sha kalmar nan daga bakinsa kafin ka karya kumallo. Don Allah ka zo ka shirga masa ɗaya, ina tsoron ya tafi ban sake jin muryarsa ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka. Ya haƙurinmu? Allah ya ji ƙan Baba.

Mama ta hana ni gaya maka wannan, amma cikina ba zai riƙe ba. Ranar da ka kira na kara masa waya a kunne, ka ce kana nan tafe ƙarshen wata, har ka yanki tikiti. Bayan ka kashe ya daɗe yana kallon ƙofa. Sai leɓensa ya motsa, ya faɗi "balderdash" tar, ko harafi bai tsallake ba.

Muka dinga dariya, Mama har da tafi. Wallahi murna ta rufe mana ido, sai daga baya na ga hawaye ƙarƙashin tabaransa. Bai ƙara cewa uffan ba har ya cika.

Ba don in ƙona maka rai na rubuto ba. Ni dai da na sani ban kara masa wayar nan ba. Roƙonka na yi ka zo ka yi masa ƙarya, kai kuma ka aiko ta ta waya.

Jan bironsa na nan, na ajiye maka.

Taka har kullum,
Auta