Tagar da Ke Kallon Titi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Yaya, ki faɗa mini tsakaninki da Allah, laifin me taga ta yi wa gwamnati? Ta zagi wani ne, ko hanya ta tare wa motar wani babba? Kin gani ko, na fara da faɗa ban ko gaishe ki ba. Assalamu alaikum. Ina kwananku, ina gajiya? Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Ina fatan yara suna lafiya. Direba, na san kai ne kake karanta wa matarka wannan wasiƙa, to ka karanta yadda na rubuta, kada ka taka birki a inda na yi zafi.

Kin tuna tsohuwar makarantar da ke bayan kotu, wadda aka kore ni daga cikinta ina aji biyu, don na ce wa malaminmu ba ya zuwa sai ranar da masu duba makarantu za su zo? Kin tuna ɗakin littattafanta mai taga guda da ke kallon titi? Tun kafin a haife mu ake miƙo wa mutanen gari littafi ta nan, babu kati, babu tambayar ɗan wane ne kai. Sharaɗi ɗaya ne tak: ka buɗe tafin hannuwanka Gwaggon Taga, mai kula da ɗakin, ta gani. In da datti, ga famfo can jikin bango, ka wanke ka dawo. Ke kika ɗaga ni sama ranar farko, don kaina bai kai tagar ba, ke da har yau ba ki san ko harafi ɗaya ba. Kika ce mata don Allah ta ba yaron nan abin da zai rufe masa baki. Ta ba ni mai hotunan dabbobi. Bakin bai rufu ba, amma na riƙa yawo a kasuwa ina haɗa haruffan littafin da na allunan shaguna, har wata rana na ji allon mai gyaran agogo ya yi mini magana. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Da babu tagar nan, yau ba ni rubuta wa mutane alluna, balle in rubuto miki.

To, sabon gwamna ya ce a kewaye kowace makaranta ta birnin nan da doguwar katanga, a kuma sauya musu suna. Maigidana na shagon rubutun allo ya sami aikin rubuta sababbin allunan, mun gode Allah. Amma da muka je auna allon tsohuwar makaranta, sai na ga magina sun ja igiya sun zuba farar ƙasa, layin ya bi ta gaban tagar Gwaggo sak. In katangar ta tashi, taga ta koma ciki, mu kuma mun tsaya a waje.

Akwai wani littafin tarihin lardi marar bango da Gwaggo ta taɓa ara mini. A ciki na karanta cewa garin nan zango ne kawai na fatake kafin a mayar da shi babban birnin lardi. Da aka mayar, ofishin gwamna aka fara ginawa, sai kotu, sai gidan yari, makaranta ce ta zo a ƙarshe. Na je na tsaya jikin katangar gidan yarin na gwada da tsawona. Yaya, wadda za a yi wa makaranta ta fi ta tsawo.

Na yi wa Gwaggo maganar, ta ce in kawo littafin da ke wurina tukuna, ya daɗe. Ta tsufa, sai ta kai hannun mutum kusa da hancinta kafin ta gani, amma har yanzu ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Ki gaishe da yara, ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta, wanda kike ce wa Reza


Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, saƙonki ya iso ta bakin yaron motar mijinki. Ya ce kin ce in kama bakina. Saƙon ya makara, Yaya, na riga na saki. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi, kada dai ki koma tsayuwar nan taki ta wuni guda.

Ki san cewa mu masu rubutun allo ba ma kankare tsohon suna. Fenti muke shafawa a kai, ya bushe, mu rubuta sabo. Maigida ya ce haka ya tarar ana yi, don ba ka san ranar da mai tsohon sunan zai dawo kan kujera ba. Amma allon tsohuwar makaranta ya sha fenti har ya yi kauri yana ɓarewa, sabo ba zai kama ba. Maigida ya fita sayen tina, ruwan tsinka fenti, ni kuma na ɗauki wuƙar kankara na zauna a bayan shago.

Sai ga sunaye suna fitowa ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na gwamnan da ya sauka, na matar wanda ya gabace shi, na wani soja da ko tsofaffi sun manta fuskarsa, sai wani lokaci da aka kira ta da lamba kawai kamar ɗakin asibiti. Duk gwamnatin da ta wuce a birnin nan ta bar fentinta a katakon nan, ba wadda ta ƙara wa makarantar ko aji ɗaya. Can ƙasa, jikin katako, da baƙin fenti da rubutu mai kyau irin na mutanen da, an rubuta: Makarantar Lardi da Ɗakin Karatun Jama'a.

Jama'a, Yaya. Mu ke nan.

Ban jira Maigida ba. Na ɗora allon a ka, na ratsa kasuwa da shi, na wuce kotu, na shiga Ma'aikatar Ilimi. Na jingina shi a gaban teburin sakatariyar Darakta, na ce ina son ganinsa. Ta ce yana taro. Na ce ai tun ina aji biyu nake jin manya suna taro. Daga nan ban san duk abin da na faɗa ba, amma na tuna na tambaye su ko akwai wanda ya taɓa karanta littafi har ƙarshe a cikin ginin. Ɗan sandan da ke gadin ƙofa ya kama ni ta ƙeya ya fitar da ni, aka riƙe allon, aka ce na cire kayan gwamnati ba izini.

Maigida ne ya zo. Mutumin nan da furfurarsa ya cire hula a gaban sakatariyar, yarinyar da ya isa ya haife ta, ya ce shi ya aike ni, kuskuren nasa ne. Ya karɓo allon, muka dawo shago yana gaba ina baya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai da ya ajiye allon ya daɗe yana kallon tsohon rubutun, sannan ya ce wanda ya ja wannan harafin hannunsa bai taɓa rawa ba. Ya rufe shi da buhu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin in je ba wanda ya san da tagar a ma'aikatar. Yanzu sun sani. An aiko wa shugabar makaranta cewa a fara katangar ta wannan gefen. Na je wurin Gwaggo ina sunkuyar da kai, na buɗe hannuwana kamar kullum. Ta duba, ta ce, “Shekara da shekaru ina duba hannunka, ashe bakin ya kamata in riƙa dubawa.” Duk da haka ta miƙo mini littafi.

Ki yafe mini, ki kuma roƙa mini Allah kada bakina ya zama sanadin toshe ta.

Naki,
Auta


Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya, ke da yara da Direba sarkin gudu. Ni lafiya lau, har na yi ƙiba don daɗi. Ki zauna sosai kafin ya fara karantawa.

Babban maginin da aka ba katangar wani dogo ne marar magana. Ranar da za su haƙa tushe na je na tsaya nesa, don Maigida ya sa na yi alkawari ba zan matsa ba. Na ga mutumin ya zagaya, ya duba famfon da muke wanke hannu, ya kira shugabar makaranta. Ya ce mata bututun ruwa ya bi ta ƙarƙashin layin, ba zai ɗora gini a kai ba, sai dai ya haɗa katangar da kusurwar ɗakin littattafai ta nan, ya ci gaba daga ɗaya kusurwar ta can, bangon ɗakin ya zama shi ne katanga. Ta dube shi, ta dubi tagar, ta ce ita ba ta san aikin gini ba, ya yi yadda ya ga ya dace. Bututun yana nan da gaske, ban ce ƙarya ya yi ba. Amma da aka tashi aiki na ga ya wanke siminti a famfon har gwiwar hannu, ya je taga ya buɗe tafinsa. Gwaggo ta kira shi da wani sunan yarinta da ban taɓa ji ba, ya yi dariya kamar yaro.

Katanga ta tashi, makaranta ta shige ciki, taga tana waje tana kallon titi.

Da labari ya kai ma'aikata, aka ce Darakta zai duba da kansa ranar da za a buɗe sabon allo, in ya ga dama a toshe tagar da bulo. Gwaggo ba ta tara kowa ba. Duk wanda ya zo mayar da littafi dai tana ce masa ranar kaza tana nan da safe. Ni kuma ta ce in zan zo, in bar bakina a shago.

Yaya, da kin ga layin. Tela, ungozoma, mai nama da ya goge hannu har ya yi ja, matan da ke saƙa a bayan asibiti, wani akawun kotu da rigar aikinsa. Har ɗan sandan da ya kama ni ta ƙeya, yana tsaye a gabana da littafin koyon gyaran rediyo a hammata. Ya waiwayo muka haɗa ido, ya matsa mini wuri a inuwa. Ba mai ɗauke da kwali, ba mai ihu. Da motocin manya suka tsaya, kowa ya buɗe tafin hannuwansa, shi ke nan. Maganganu sun taru mini a baki, na haɗiye su. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba.

Darakta ya bi layin yana kallonmu har ya isa taga. Ya leƙa, ya miƙa hannu zai ɗauki wani littafi da ke kan dakalin tagar. Gwaggo ba ta gane shi ba, ko kuma ta gane, Allah ne masani. Ta dafe littafin ta ce, “Hannu tukuna, ɗana.” Sai ya juya tafinsa ya nuna mata. Ta kai kusa da hancinta, ta ce ba laifi, ta ba shi. Ya tafi da littafin, kuma har yau bai mayar ba, tana nan tana jiransa.

Da aka yaye ƙyallen allo, sabon sunan yana sama da manyan haruffa yadda suka ce. A ƙasa kuwa, da ƙanana, akwai: da Ɗakin Karatun Jama'a. Maigida ne ya miƙo mini buroshi ya ce in ja shi da hannuna, in kuma hannun ya yi rawa zai kore ni. Hannun bai yi rawa ba.

Na rasa wanda zan fara gode wa. Maigida da ya cire hula saboda ni, magini, shugabar makaranta da ta ce ba ta san gini ba, tsohuwar nan da ba ta taɓa tambayata takardar shaida ba. Amma da na bi layin godiyar har ƙarshe, ke na tarar, kina ɗauke da ni a kafaɗa kina cewa in miƙa hannu.

Saura abu ɗaya, kuma kada ki aiko mini da saƙon kama baki. Abin da Darakta ya faɗa kafin ya shiga mota shi ne za su duba. Na san wannan kalma, da ita aka binne abubuwa da yawa a birnin nan, kuma bulon da ya ragu yana nan jibge kusa da famfo, ba wanda ya kwashe. Akwai shirin da gidan rediyon lardi ke yi duk mako, inda shugabannin ma'aikatu ke amsa tambayoyin jama'a. Na kai tambayata a rubuce, ba zagi ko ɗaya, Gwaggo ta duba ta kafin in kai. Zan riƙa kai ta duk mako har a karanta. Direba, ka kunna mata rediyo. Mu mun tsaya a titi da rana kowa ya ga hannunmu. Shi ma ya fito inda duk lardin zai ji, ya faɗa da bakinsa: tagar nan za ta zauna, ko bulon can nata ne?

Ki shafa mini kan yara, ki ce musu in sun zo hutu su zo da hannu a wanke.

Ƙaninki mai godiya har abada,
Auta